Agustin na Hippo, Wanda Aka Kwance wa Sarƙa

Kafin a shiga wannan darasi, sai shugaban taro ya sa a karanta Yakubu 3:13 zuwa 4:10, da Romawa 13:11-14.

Dukanmu mun taɓa ganin akuya ɗaure a turke. Tun da safe tana tafiya har rana ta yi sanyi, ga gajiya ga ƙishirwa, amma ba ta je ko'ina ba. Iyakacinta ta kewaye turken, igiya kuwa tana naɗewa tana ƙara gajarta. Haka mutum ya ke cikin zunubai uku waɗanda ba su rabuwa da juna. Da fari ya sa ransa ga wani abin duniya. In ya ga ɗan'uwansa ya riga shi samu, sai hassada ta shiga. Hassada in ta kwana, ta wayi gari ta zama ɗacin rai. Ɗacin ran kuma ya dame shi, ya nemi abin da zai sanyaya masa zuciya, sai ya koma wa sha'awar nan ta fari. Ya yi tsammani ya ci gaba, ashe yana nan inda ya tashi. Gaskiyar masu magana da suka ce, sabo turken wawa.

Yau za mu duba rayuwar wani mutumin Afirka wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan kewaye, har ran da Ubangiji ya kwance shi. Sunansa Agustin. Yawancin labarin ƙuruciyarsa daga bakinsa muka same shi, gama wajen shekara ta 400 ya rubuta littafi inda ya furta zunubansa a gaban Allah, bai rufe kome ba. Labarin tsufansa kuwa almajirinsa Posidiyus ya rubuta, wanda ya yi abuta da shi kusan shekara 40.

Gidan da ya tashi a ciki

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagaste, cikin Afirka ta Arewa. Wurin yana cikin ƙasar Aljeriya, yanzu ana ce da shi Suk Ahras. A zamanin nan ƙasar duk tana hannun Romawa. Ubansa Patrisiyus yana cikin 'yan majalisar gari, yana da 'yan gonaki, amma shi ba mai arziki ba ne, ba kuwa Kirista ba ne. Mutum ne mai zafin rai, ba ya kuma riƙon amanar aure. Uwarsa Monika ta tashi cikin bangaskiya tun daga gidan iyayenta.

Gidan nan ya isa ya zama gidan ɗaci, gama kayan haɗinsa duk sun cika. Kuyangin gidan suka riƙa kai tsegumi wurin uwar miji, har ta ƙi jinin Monika. Monika ba ta rama ba, ta dinga yi mata ladabi da hidima, har tsohuwar ta gane da kanta, ta kai ƙarar masu tsegumin wurin ɗanta, aka hore su. Daga ran nan suka zauna lafiya. In mijinta ya hasala, ba ta tanka masa, sai ya huce sa'an nan ta nuna masa inda ya yi kuskure. Ba mu faɗi wannan domin mu ce zafin ran miji daidai ne ba, ko mace ta zauna ana zaluntarta ta yi shiru. Irin wannan miji, wajib ne ekklesiya ta tsauta masa. Abin da mu ke so a lura shi ne, Monika ta ƙi yarda muguntar wani ta zama tata. Kafin Patrisiyus ya mutu ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma.

Tana da wani hali kuma wanda ɗanta bai manta ba. In mata biyu suna gaba, kowace ta zo ta zazzage mata abin da ke cikinta game da ɗayar, Monika ba ta ɗaukar maganar nan ta kai gaba. Sai ta tsince abin da zai kawo sulhu kaɗai ta faɗa, sauran ya mutu a kunnenta.

Duk da haka akwai abu ɗaya da ita da mijinta suka haɗu a kai, watau burin ɗansu ya zama babban mutum. Sun ga yaron yana da kaifin hankali, suka ƙudura sai ya sami ilmin balaga, wato gwanintar magana a gaban alƙalai da masu mulki, gama ita ce hanyar samun muƙami a zamanin nan. Uban ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa a kan karatun. Uwar ma, ko da ta ke jin tsoron ya lalace, ba ta so a yi masa aure da wuri ba, don kada mace ta tare masa hanyar girma. Ashe son duniya ya kan shiga yaro ta hannun iyayen da ke ƙaunarsa.

Kewayen turke

Da Agustin ya girma ya waiwayi baya, sai ya ga tushen abin ya yi nisa ƙwarai. Ya taɓa lura da wani jariri wanda bai iya magana ba tukuna, amma da ya ga ɗan'uwansa yana shan nono sai fuskarsa ta sāke, yana hararsa, alhali kuwa nonon ya ishe su duka. Ya tuna shi ma yana yaro ya kan yi zamba cikin wasa don dai a ce shi ya ci, in kuwa ya kama wani yana yin haka sai ya tashi da faɗa.

Yana da shekara 16 kuɗin makaranta ya yanke, ya yi shekara guda a gida ba aikin yi. Wata rana da dare shi da abokansa suka faɗa wa itacen wani maƙwabci, suka kakkaɓe 'ya'yan, suka kwashe kaya guda. Ba yunwa su ke ji ba, gama yana da waɗanda suka fi su kyau a gida. Suka ɗan ɗanɗana, suka zubar wa aladu. Har ya tsufa abin nan yana damunsa, domin ya gane ya so laifin don kansa, ya kuma san da shi kaɗai ne da bai yi ba. Kunyar a ce ya kasa abokansa ita ta ja shi.

Da taimakon wani attajirin garinsu aka aike shi Kartaj, babban birnin Afirka ta Arewa, kusa da inda Tunis ta ke yau. Can ya saki jiki da sha'awa. Ya ɗauki wata mace ya ajiye ba aure, ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Adiyodatus, ma'anarsa kyautar Allah. Ya shaida da bakinsa cewa daɗin da ya nema cikin soyayyar birnin nan ya zo masa a haɗe da kishi, da zato, da tsoro, da fushi, da husuma. A makaranta ya fi kowa, girman kai ya cika shi. Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, masanin Romawa, wanda ya sa masa marmarin hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga maganarsa ba ta da ado irin na malaman balaga, ya rena shi ya rufe.

Sai ya shiga ƙungiyar mabiyan Mani, ya yi shekara 9 a cikinsu. Koyarwarsu ta yi masa daɗi, gama sun ce mugunta wata aba ce dabam da ta shiga mutum, ita ke yin zunubin, shi mutumin ba ruwansa. Wanda ya sami mai ɗauke masa laifi haka, ina zai ga dalilin tuba? Monika ta yi ta kuka da addu'a dare da rana.

Daga nan sai mu ga yana ta sāke wuri. Ya koma Tagaste yana koyarwa, sai wani amininsa ya yi zazzaɓi ya mutu. Baƙin ciki ya sa ya tsani garin da dukan abin da ke cikinsa, ya gudu Kartaj. A Kartaj rashin kunyar 'yan makaranta ya ishe shi, ya ji labari na Roma sun fi ladabi. A shekara ta 383 ya ruɗi uwarsa, wadda ta biyo shi har bakin teku, ya ce rakiyar aboki ya zo. Cikin dare ya shiga jirgi, ta wayi gari ba shi. A Roma kuwa ya tarar 'yan makaranta suna da wata dabara: in lokacin biyan malami ya yi, sai su haɗa baki su koma wurin wani malami. Ya ji ƙiyayyarsu a ransa. Gari uku ke nan, kowanne ya shiga da buri, ya fita da ɗaci. Ya sāke gari, amma zuciyar da ya ke gudu tana cikin kayansa.

Mai bara a titin Milan

A shekara ta 384, yana wajen shekara 30, aka naɗa shi malamin balaga na birnin Milan, inda fadar Sarkin Roma ta ke a lokacin. Abin da iyayensa suka yi mafarki ya samu. Saura ya auri 'yar manya mai dukiya, ya nemi a ba shi mulkin wani lardi.

Ran nan yana shirya jawabin yabon sarki, jawabin da ya sani cike ya ke da ƙarya, masu tafa masa ma sun sani. Yana tafe da abokansa, zuciyarsa tana dukan uku-uku, sai suka wuce wani mai bara wanda ya sha ya bugu, yana ta raha da dariya. Agustin ya yi ajiyar zuciya. Ya ga kwanciyar ran da shi ya ke wahalar nema da dukan ilminsa, mutumin nan ya sami irinta da 'yan kuɗin bara. Ya kuma lura mai baran zai kwana ya farka buguwarsa ta sake shi, amma shi da buguwar neman girma ya ke kwana, da ita ya ke tashi. Babban malamin fada ya koma yana ƙyashin mai bara.

Monika ta biyo shi Milan, ta shirya masa aure da wata yarinya 'yar babban gida, wadda saura shekara 2 ta isa aure. Aka ce sai ya rabu da uwar ɗansa, wadda ta zauna da shi fiye da shekara 12. Aka raba su, ta koma Afirka ta bar masa yaron, ta yi wa Allah wa'adi ba za ta ƙara sanin namiji ba. Agustin bai ambaci sunanta cikin littafinsa ba, amma ya ce rabuwar ta yi masa rauni mai zubar da jini. Duk da haka bai iya jiran shekara biyun ba, ya ɗauko wata. Mu lura fa, son duniya ba mai shi kaɗai ya ke cuta ba. Kullum akwai wani a gefe wanda ya ke biyan kuɗin.

A Milan akwai wani Bishop mai suna Ambros. Agustin ya fara zuwa sujada don ya auna gwanintarsa ta magana, irin yadda maƙeri ke leƙa maƙerar wani. Amma tare da daɗin maganar sai gaskiyar ta riƙa shiga. Sannu a hankali shakkunsa suka warware, har ya yarda bishara gaskiya ce. Sai ya tarar da wani abin da bai zata ba: hankalinsa ya yarda, amma ya kasa tashi. Tun yana saurayi ya kan roƙi Allah tsarkin rai, amma a ɓoye yana fata kada a amsa masa da wuri.

A nan ne ya gane yadda aka ɗaure shi. Ba wani ya ƙera sarƙar ba, shi ya ƙera ta da hannunsa, zobe bayan zobe. Ya karkatar da nufinsa, sai sha'awa ta tsiro. Ya bi sha'awar, ta zama sabo. Bai yi tsayayya da sabon ba, ya zama tilas. Abin da ya fara da ganin dama ya ƙare ba shi da ikon bari. Wanda ya karanta Romawa sura 7 ya san wannan kokawa.

Cikin lambu

A shekara ta 386, da bazarar ƙasar, wani ma'aikacin fada ɗan Afirka mai suna Pontisiyanus ya kawo masa ziyara, shi da abokinsa Alipiyus. Baƙon ya ga littafi a kan tebur, ya ɗauka, ya yi mamaki da ya ga wasiƙun Bulus ne. Sai ya ba su labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa ya bi Kristi, da na waɗansu ma'aikatan sarki biyu waɗanda suka karanta labarin Antoni, nan take suka bar neman muƙami. Yana magana, Agustin yana ganin kansa kamar a madubi. Ga marasa ilmi suna shiga mulkin Allah, shi da ilminsa yana birgima cikin taɓo.

Da baƙon ya tafi, ya fita lambun gidan, ya faɗi ƙarƙashin wani ɓaure yana kuka, yana tambayar Allah har yaushe zai riƙa cewa gobe. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta yana rera wata 'yar magana yana maimaitawa, cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wannan umurni ne daga Allah. Ya koma inda ya bar littafin, ya buɗe, idonsa ya faɗa a kan Romawa 13:13-14.

Mu duba abin da ke cikin ayoyin nan. Manzo ya hana shashanci da buguwa, ya hana fasikanci da lalata, sa'an nan a kan layi ɗaya ya hana husuma da hassada. Mu mu kan raba su, mu kira na fari manyan zunubai, mu bar na ƙarshe su zauna tare da mu a kujerar sujada. Bulus ya ɗaure su a dami ɗaya. Maganin da ya bayar kuma guda ne: a yafa Ubangiji Yesu Kristi kamar riga, a daina yi wa jiki tanadin biyan muradinsa. Agustin bai ƙara karanta ko aya ɗaya ba. Salama ta shiga zuciyarsa, shakka ta watse. Alipiyus ya karɓi littafin ya karanta ayar da ke biye, wadda ta yi maganar karɓar mai rarraunar bangaskiya, ya ce wannan tasa ce. Suka shiga suka gaya wa Monika, kukanta ya zama murna.

Ya ajiye aikinsa, ya fasa auren. A daren Ista na shekara ta 387 Ambros ya yi masa baftisma, tare da ɗansa da Alipiyus. Suna kan hanyar komawa gida, Monika ta kwanta ciwo a Ostiya, tashar jiragen Roma. Dā ta shirya kabarinta kusa da na mijinta a Tagaste, ta ƙwallafa rai a kai, amma yanzu ta sake wannan ma, ta ce a binne ta ko'ina. Ta rasu tana cikin shekararta ta 56.

Tsaron ƙofa

A shekara ta 388 Agustin ya koma Tagaste, ya rabu da gādonsa, ya zauna da 'yan abokai cikin addu'a da nazari. Ba a daɗe ba ɗansa ya rasu, bai kai shekara 20 ba. Wannan karo bai gudu daga garin ba. A shekara ta 391 ya je Hippo, birnin bakin teku wanda a ke kira Annaba yanzu. Jama'a suka gan shi cikin sujada, suka kama shi suka kai gaban Bishop, aka naɗa shi mai hidimar ekklesiya yana kuka.

Bishop ɗin, Baleriyus, tsoho ne Bahelene, bakinsa bai faɗa sosai da Latin ba. Ga saurayi ya zo wanda ya fi shi ilmi da iya magana nesa ba kusa ba. Da wani ne, da ya tura shi ƙauye. Baleriyus ya yi murna, ya ce addu'arsa ce aka amsa. Ya sa shi yin wa'azi a gabansa, abin da ba a saba yi ba a Afirka, har waɗansu bishop suka yi gunaguni. Da ya ji waɗansu ekklesiyoyi suna so su ɗauke shi, ya ɓoye shi. Wajen shekara ta 395 ya sa aka naɗa shi Bishop tare da shi tun yana da rai. Da tsohon nan ya yi hassada, da ekklesiya ta yi babbar hasara. Dattawanmu su yi tunani a kan wannan.

Agustin bai ɗauka yaƙi ya ƙare a lambu ba. Yana Bishop ya furta a fili cewa tsofaffin siffofi suna zuwa masa cikin mafarki, yana fama da kwaɗayin abinci, son yabo kuma bai rabu da shi ba. Saboda haka ya kafa wa kansa shinge. Shi da masu hidimar da ke gidansa ba mai abin kansa, kome na tarayya ne. In an ba shi riga mai tsada sai ya sayar a raba kuɗin. Ya taɓa narkar da kayan sujada masu daraja domin a fanshi kamammu. A jikin teburin cin abincinsa ya sa aka rubuta gargaɗi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a teburin. Wata rana waɗansu bishop abokansa suka manta suka shiga gulma. Ya tsauta musu, ya ce ko a kankare rubutun, ko shi ya tashi ya bar musu abincin. Ɗan Monika ke nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya kan gargaɗi mutanensa kada su bar fushi ya kwana, gama fushin da ya tsufa shi ke zama ƙiyayya. An gwada shi a kan wannan. Ya rubuta wa Jerom, babban malamin nan da ke zaune a Baitalami yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, yana yi masa gardama a kan fassarar Galatiyawa sura 2. Wasiƙar ta ɓace a hanya, ta yi ta yawo a hannun mutane a Italiya kafin mai ita ya gan ta. Jerom ya husata, ya zarge shi da neman suna a kan tsoho. Agustin yana da bakin da zai rama har ya yi saura. Maimakon haka ya rubuta ya bayyana yadda abin ya faru, ya roƙi gafara, bai kuwa janye abin da ya gaskata ba. Daga baya suka zama masu girmama juna.

Inda ya yi tuntuɓe

Akwai wani ɗacin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. A shekara ta 303 Sarki Diyokletiyan ya tsananta wa Kirista, ya ce a ba da littattafai masu tsarki a ƙone. Waɗansu shugabanni suka bayar, waɗansu suka ƙi suka sha wuya. Da tsanani ya wuce, sai gardama ta tashi a kan wanda ya cancanci shugabanci, har wajen shekara ta 312 ekklesiyar Afirka ta rabu biyu. Ɓangare ɗaya aka kira su mutanen Donatus. Kafin zamanin Agustin waɗanda suka fara rigimar duk sun mutu, amma jikoki sun gāji gabar. Gari ɗaya bishop biyu, ɗakin sujada biyu. A Hippo an taɓa hana masu gashin gurasa su gasa wa 'yan ɗaya ɓangaren. Waɗansu masu kulake suka yi wa Agustin kwanto a hanya, Allah ya sa jagoransa ya ɓata hanya, ya tsira.

Ya yi ƙoƙarin sulhu ƙwarai. A shekara ta 411 aka yi babban taro a Kartaj, bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu. Shi da 'yan'uwansa suka yarda, in an haɗu, su raba kujera da bishop na Donatus, in jama'a ba su so haka ba kuwa dukansu biyu su sauka a zaɓi sabo. Sa'ad da aka kama waɗanda suka kashe wani mai hidima na ɓangarensa suka kuma nakasa wani, ya rubuta wa mahukunta yana roƙo kada a kashe su.

Amma wajib ne mu faɗi ɗaya gefen. Da fari ya ƙi a tilasta wa kowa, daga baya ya yarda hukuma ta matsa wa mutanen Donatus da tara da ƙwace ɗakunan sujada, har ya kāre wannan da rubutu. An cika ɗakunan sujada da mutane, amma ɗacin bai mutu ba, mutanen baya kuma suka fake da maganarsa suka tsananta wa waɗansu. Mutumin da alheri ya kwance ya nemi ya kwance waɗansu da sandan hukuma. A nan ba za mu bi shi ba.

Ƙarshen kwanakinsa

A shekara ta 410 Gotawa suka ci birnin Roma, duniya ta girgiza. A 413 Agustin ya fara babban littafinsa mai suna Birnin Allah, ya yi wajen shekara 13 yana rubutawa. A ciki ya nuna mutane duka jama'a biyu ne, abin da ya raba su kuwa shi ne abin da su ke ƙauna: waɗansu son kai, waɗansu son Allah. Ya kuma tone asalin hassada. Abin duniya, ko sarauta ko dukiya ko suna, in an raba shi sai ya ragu, saboda haka mai sonsa dole ya ga ɗan'uwansa kamar ɓarawo. Nagarta kuwa ba ta raguwa don wani ya samu. Yawan masu tarayya a cikinta shi ke ƙara ta. Wanda Allah ne rabonsa ba shi da dalilin ƙyashin kowa.

A shekara ta 429 Bandalawa suka ƙetaro daga Sifen, suna ƙone garuruwa. A 430 suka kewaye Hippo da yaƙi. Agustin ya ƙi barin jama'arsa. Cikin wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kama shi. Ya sa aka rubuta Zaburan Dawuda na tuba aka manna a bango inda zai gani daga gado, yana karantawa yana hawaye. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa kada kowa ya shigo sai mai magani da mai kawo abinci. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana cikin shekararsa ta 76. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da abin da zai raba. Littattafansa ya bar wa ekklesiya.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, turken nan yana cikin gidajenmu. Muna ganinsa tsakanin 'yan uba a kan gona, tsakanin mata cikin zumunta, tsakanin dattawa ran zaɓe, har ekklesiya ta tsage, yara su tashi suna gaba da mutanen da ba su san abin da ya haɗa su ba. Labarin Agustin ya nuna mana ilmi bai kwance shi ba, sāke gari bai kwance shi ba, samun abin da ya ke buri ma bai kwance shi ba. Ya kwantu sa'ad da ya daina ɗora laifin a kan wani, ya kawo sarƙar wurin Kristi. Bayan haka kuma ya tsare bakinsa da teburinsa da aljihunsa har ran mutuwarsa. Ibraniyawa 12:15 ta gargaɗe mu a kan saiwar ɗaci wadda ke tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Saiwa tun tana ƙarama a ke cire ta, kuma mutum ɗaya a gida, irin Monika ko Baleriyus, ya isa ya hana ta yaɗuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Yakubu 4:1-3, daga ina faɗa da husuma ke fitowa? A ina muka ga wannan cikin rayuwar Agustin?
2. Don me Bulus ya haɗa hassada da husuma wuri ɗaya da buguwa da fasikanci? Mu haka mu ke auna su?
3. Wane buri mu ke cusa wa 'ya'yanmu, wanda zai iya zame musu turke?
4. In maganar ɓatanci ta zo kunnenmu, mutuwa ta ke yi ko ƙara tafiya?
5. Akwai gabar da muka gāda, a gida ko a ekklesiya, wadda ya kamata ta ƙare a kanmu? Wane taki za mu ɗauka cikin makon nan?

A rufe da addu'a. Kowa ya ambaci a zuciyarsa sunan mutum ɗaya wanda ya ke ƙyashi ko ya ke riƙe da shi, ya roƙi Ubangiji ya sa wa mutumin nan albarka.